Mota Ta Mutu a Hanya, Ta Warke a Gareji

Motar da ta ƙi tashi ƙememe ba ta cika wahalar da bakanike ba, domin laifin yana nan zaune, ana dubawa za a same shi. Mai sa ciwon kai ita ce wadda ke mutuwa tana farfaɗowa. Ta yi kwanaki lafiya lau, ran nan ta mace a tsakiyar cunkoson Kurna ko a kan hanyar Zariya, a tura ta gefe, masu wucewa su yi ta sannu, bayan minti 20 a murza makulli ta tashi kamar ba ita ba. Kafin a isa gareji ta warke sarai. Bakanike ya kasa kunne, ya taka totur sau biyu, ya ce, "Alhaji, ai motar nan ƙalau take." In mai mota ya matsa masa, sai a yanke hukuncin da aka saba yankewa: "To, ranka ya daɗe, famfon mai ne ya fara gajiya. A sayo wani."

Wani lokaci famfon ne da gaske. Amma ina da yaƙinin cewa da za a tattara famfunan da aka cire a garejojinmu da wannan tuhuma a gwada su ɗaya bayan ɗaya, da an wanke da yawa daga cikinsu. Irin wannan matsala ba ta ganuwa sai a lokacin da take faruwa. Mintocin da motar ke kwance a bakin titi, waɗanda mai ita ke ƙarar da su wajen waya da tsaki, su ne kaɗai lokacin da laifin ke fili. Saboda haka babban mai shaida shi ne direba, ba bakanike ba, kuma abin da ya gani ya ji a wannan ɗan lokaci ya fi awa biyar na kwance-kwance a gareji amfani.

Dalilin da ya sa tsofaffin motoci suka fi yin haka ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ɗin da ya yi ta fitarwa har tsakiyar shekarun 2000 tana nan tana ɗaukar kaya a ƙauyuka. Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu, an ƙera ta ne tsakanin 1991 da 1997, wato ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Yawancin Camry da Accord da 406 da ke hannun ma'aikata sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano ko Legas. A wannan shekaru roba ta bushe, dalmar da ke riƙe da ƙafafun kayan lantarki ta tsattsage, soket ya saki, tanki ya fara tsatsa. Duk waɗannan ba sa lalacewa farat ɗaya. Suna aiki da sanyi su saki da zafi, ko su riƙe a kan kwalta mai kyau su saki a gargada. Laifin da ke zuwa ya tafi yana da abin da ke kiransa, kuma gano wannan abin shi ne rabin aikin.

Injin fetur abu uku yake buƙata a lokaci guda: mai, da iska, da tartsatsin wuta a bakin fulogi a daidai lokacinsa. Iskar da man ma da ma'auninsu, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Motar injekta ta ƙara sharaɗi na huɗu: dole ƙwaƙwalwarta ta sami wuta, ta kuma sami labarin cewa inji yana juyawa. Kowanne daga cikin waɗannan ya yanke, mota za ta mutu, sai dai salon mutuwar ya bambanta. Wadda mai ya gaza isarta takan fara da rauni. Ka taka totur ta ƙi amsawa, ta fizga, ta yi kamar za ta ɗauka ta sake saki, kuma takan fi yin haka a hawa, ko lokacin da kake son wuce tirela, wato inda inji ya fi buƙatar mai. Wadda wuta ta yanke mata kuwa babu sallama, sai ka ji ɗif kamar wani ya miƙo hannu ya kashe makulli. In motar mai giyar hannu ce kuma tana da agogon juyin inji, a kalli allurarsa: idan ta faɗi ƙasa nan take alhali motar na gangarawa cikin giya, injin yana juyawa amma labarin juyin ya yanke, kuma wannan ba aikin famfo ba ne. Sai kashi na uku, wadda ke gudu lafiya amma da ka ɗage ƙafa a danja ko a shataletale ta mace. Ita wannan da wuya a sami laifinta a tanki, a bakin iska ake nemansa.

Wannan rabe-raben ba yankan wuƙa ba ne. Idan wutar da ke zuwa famfon motar injekta ta yanke gaba ɗaya, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu inji zai tsaya, har ka rantse wutar fulogi ce ta ɗauke. Shi ya sa ake haɗawa da sauran tambayoyi. Da sanyin safiya take yi ko sai ta yi zafi? Mai nawa ne a tanki ranar? Ta faɗa rami ne kafin ta mutu, ko ta sha kwana? An yi ruwa, ko an kai ta wanki an fesa wa inji ruwa? A ina aka sha mai na ƙarshe? Minti nawa take yi kafin ta sake tashi? Wannan ta ƙarshe ta fi sauran faɗar gaskiya. Motar da ke tashi nan take ana sake murza makulli, a fara zargin abin da ke taɓawa yana saki, kamar kan batir ko makunni ko soket. Wadda sai ta huce na minti 15 zuwa 30, zafi ne ke kashe wani abu a jikinta. Direban da ya rubuta waɗannan a takarda sau uku ko huɗu zai ga tsarin da kansa, tun kafin ya je wurin kowa.

Kafin gwaji, akwai maganar rai. Inji na mutuwa sitiyari zai yi nauyi, birki kuma zai ba ka taku ɗaya ko biyu masu laushi daga nan ya sandare, sai an danna da ƙarfi. Dukansu suna aiki, ƙarfi kawai suke nema. Kada a mayar da makulli baya gaba ɗaya mota na tafiya, don sitiyari na iya kullewa. A kunna fitilun gargaɗi, a mayar da giya furi, a gangara gefe. Wanda ke ganin mutuwar inji a hanya ƙaramin abu ne ya tuna da General Motors ta Amurka, wadda a 2014 ta janye motoci kusan miliyan 2.6 saboda makunnin da ke zamewa da kansa ya kashe inji da jakar iska, kuma asusun diyyar da aka kafa ya amince da mutuwar mutum 124.

To, mota ta tsaya a gefe. A kashe rediyo, a murza makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, ba tare da an juya inji ba. Abu biyu ake nema. Na farko fitilar gargaɗin inji, wadda direbobi ke kira cek: dole ta kama. In sauran fitilu sun kama ita ba ta kama ba, alhali kullum tana kamawa, to ƙwaƙwalwar ba ta sami wuta ba, sai a koma kan fiyus da rile da wayoyinsu. Na biyu ƙarar famfo. A yawancin motocin injekta famfon yana cikin tanki, kuma da an murza makulli yakan yi ɗan kuka na kusan daƙiƙa 2 ya yi shiru. Wani ya sa kunne a bakin tanki ko ƙarƙashin kujerar baya. Wasu motocin, musamman wasu samfuran Toyota, ba sa kunna famfo sai inji ya fara juyawa, don haka mutum ya san halin motarsa tun tana lafiya. In famfon da ya saba kuka ya yi gum, a sa wani ya riƙa juya inji, wani kuma ya bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ko guntun katako. Idan ta tashi da wannan bugun, an kama mai laifi: gawayin da ke cikin famfon ya cinye, ko soket ɗinsa na saki.

Gwajin da ya fi raba gardama bai fi ƙarfin kowa ba. A zare tiyon iska daga bakin injekta, a fesa ɗan feshin wanke kafireta, a mayar da tiyon, a juya inji. Idan ya kama ya yi daƙiƙa biyu ya mutu, wuta na nan, mai ne ba ya zuwa. Idan ko tari bai yi ba, a bar maganar tanki tukuna a nemi wuta. Tsohon fulogi mai kyau da ke ajiye a aljihun mota ya isa: a cusa shi a wayar fulogi ɗaya, a ɗora jikinsa a kan ƙarfen inji, a juya a ga ko shuɗin tartsatsi zai fito. Ba a riƙe shi da hannu, ba a kuma yin wannan inda fetur ya zube. Al'adar nan ta tsiyaya fetur daga gora a bakin inji ana juyawa ta ƙona fuskoki da yawa, domin inji na iya mayar da wuta ta baya.

Yanzu ga inda ake yawan zaluntar famfo. A jikin inji akwai wata 'yar sensa da ke kallon juyin karanshaf tana aika wa ƙwaƙwalwa labari. A tsofaffin Golf da wasu motocin Japan tana cikin distiributa, a wasu kuma tana kusa da fulawil ko fulin gaba. Cikinta siririyar waya ce naɗe ko ɗan guntun kayan lantarki, kuma idan ta tsufa zafi na buɗe tsagar da ke cikinta, labari ya yanke. Ƙwaƙwalwa kuwa an tsara ta ne cewa muddin ba ta ga inji na juyawa ba, ta hana tartsatsi, ta rufe nozul, ta kuma kashe famfo, don kada mota ta yi haɗari famfo ya ci gaba da kwararo fetur a kan wuta. Sai bakanike ya zo, ya zare tiyon mai, ya ce a juya, ya ga babu abin da ke fitowa, ya ce famfo ya mutu. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa. Kafin a je kasuwa a dawo a sauke tanki, inji ya huce, sensa ta dawo hayyacinta, motar ta tashi da sabon famfo, kowa ya yaba wa oga. Bayan kwana uku ta sake macewa a wuri mai kama da na farko. Alamar da ke tona asirin wannan sensa ita ce rashin abu biyu tare: babu tartsatsi, babu mai, allurar juyin inji kuma ko motsi ba ta yi lokacin da ake juyawa. Famfo, komai lalacewarsa, ba ya ɗauke wutar fulogi.

Daga wannan rashin fahimta ne aka sami maganin da ya fi cutar muni, wato a yi wa famfo dairek. Mai wayarin ya ja waya daga makunni kai tsaye zuwa famfo, ya tsallake rile, wani sa'in har da fiyus. In rile ne ya lalace motar za ta daina mutuwa, gaskiya ne, amma an cire tsaron da masu ƙera ta suka sa da gangan. Ranar da ta kife ko tiyo ya fashe, famfon zai ci gaba da feshin fetur har sai wani ya tuna da makulli. A gwada dairek na minti biyar don a tabbatar da inda laifi yake, wannan dabara ce mai kyau. A bar shi a haka a ba mai mota makulli, wannan ganganci ne da ran mutane.

Shi kansa rilen bai kai girman kwalin ashana biyu ba, kuma yana cikin mafi arhar abin da ake zargi. Masu Honda Accord da Civic na shekarun 1990 sun san babban rilen da ke ƙarƙashin sitiyari, mai ba ƙwaƙwalwa da famfo wuta tare. Dalmar da ke cikinsa kan tsage, sai motar da aka ajiye a rana gilasai a rufe ta ƙi tashi, a buɗe ƙofofi iska ta shiga ta tashi. Mai gyaran rediyo yana sake narka dalmar cikin minti 10. A wasu motocin rilen famfo iri ɗaya ne da na oda ko na fitila, ana iya musanya su a bakin hanya a gani. Wasu Fijo 306 da 406 da motocin Ford suna da wani maɓalli da ke yanke wutar famfo idan mota ta daku, kuma rami mai zurfi kan iya tayar da shi, sai an danna ya koma. Sannan a duba abubuwan da ido ke rainawa: kan batir da aka cusa wa ƙusa don ya kama, wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji wadda ta yi kore, fiyus da aka naɗe da zaren waya, makunnin da tarin makullan gida da na shago suka shekara suna ja ƙasa. Hanyar kama su ita ce a bar inji a silo, a bi wayoyi da soket ɗaya bayan ɗaya ana girgizawa, a kaɗa makullin ma. Inda aka taɓa inji ya yi tuntuɓe, nan ne.

Idan feshi ya nuna lallai mai ne ba ya zuwa, har yanzu ba a kai ga famfo ba. A ƙasan famfo akwai 'yar jakar raga da ke tace mai kafin ya shiga. A tankin da ya yi tsatsa, famfo na zuƙa datti na taruwa a jikin ragar har ya toshe ta, kamar yadda dusa ke liƙe wa rariya idan ana tace gasara. Inji ya mutu, zuƙa ta tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa, bayan 'yan mintoci mota ta tashi ta sake tafiya kilomita kaɗan. Wannan ma tana kama da ciwon zafi, amma bambancinta shi ne da rauni take farawa, kuma gudu da hawa ke kawo ta, ba tsayuwa a cunkoso ba. Filtar mai ta waje, wadda a Golf take ƙarƙashin mota kusa da tanki, a tsohuwar Camry kuma cikin ɗakin inji, mutane kan shekara goma ba su san tana nan ba. A cire ta, a zazzage ta ta bakin shiga a kan farin ƙyalle, abin da ya fito zai ba da labarin cikin tanki. Akwai kuma numfashin tanki. Mai na fita dole iska ta maye gurbinsa, in hanyar iskar ta toshe famfo zai yi ta ja har ya gaza. Da mota ta mutu a buɗe murfin tanki: idan aka ji ya zuƙi iska da ƙarfi kuma ta tashi nan take, an gano.

Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, an ƙara wa famfo wani nauyi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, mutane da yawa suka koma shan lita biyar-biyar, fitilar mai ta zama abokiyar tafiya. Famfon cikin tanki da fetur yake sanyaya kansa, da shi kuma yake samun santsi. Ɗan man da ya rage a ƙasa saurin ɗumama yake, domin a tsofaffin motocin injekta ragowar man da inji bai sha ba yana dawowa tanki da zafinsa, kuma a kwana ko gangara yakan gudu gefe guda famfo ya zuƙi iska. Motar da ke fizga a shataletale idan mai ya yi ƙasa, ta daina idan an cika, ta faɗi ciwonta da bakinta. Ba na ce kowa ya cika tanki ba, aljihu ne ke hukunci. Amma kuɗin man duk ɗaya ne ko a saman kwata ake ƙarawa ko a kan ja, wahalar sau ɗaya ce, ranar da za a fara ɗaga shi.

Shi man ma abin tuhuma ne. A Fabrairun 2022 hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, aka yi ta janye shi, layukan mai suka dawo, masu motoci da dama suka kwana a gareji. Wannan ya yi suna ne don ya game ƙasa. Na kullum shi ne ruwan da ke shiga rijiyar gidan mai da damina, da jarkar ɗan bumburutu da ba a san me ta ɗauka jiya ba, da wanda aka sirka da kananzir ko wani abu. Gwajinsa kwalbar gilas ce mai tsabta: a tari man daga tiyo, a ajiye minti kaɗan. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa da layinsa a fili. Matsalar da ta fara daga fitowa gidan mai, a fara da kwalba kafin sifana.

A gareji kuwa, kayan aikin da ya kamata a ce kowane mai gyaran injekta yana da shi, amma ƙalilan ke da shi, shi ne agogon auna ƙarfin mai. Zare tiyo a ga mai na tsartuwa ba gwaji ba ne, don famfon da ya gaji ma yana tsartuwa idan babu abin da ya tare shi. Yawancin motocin injekta na wancan zamani suna aiki ne a kusan bar 3. A masu regileta a kan bututun nozul, agogo kan nuna wajen bar 2.5 a silo, in an zare siririn tiyon iskar da ke kan regiletar ya hau da kusan rabin bar. In aka ga fetur a cikin wannan siririn tiyo, robar regileta ta yage, inji na shan mai ta bayan gida, shi ne baƙin hayaƙi da wuyar tashi da zafi. Bayan an kashe inji allura ta riƙe matsayinta na wasu mintoci, idan ta zube nan da nan akwai inda ke saki, ko a famfo ko a nozul. A auna wuta ma a soket ɗin famfo yana aiki: batir na nuna volt 13.5 zuwa 14.5, in abin da ke isa famfo ya gaza haka da fiye da rabin volt ko ɗaya, waya ce ke cinye wutar, kuma sabon famfo ma haka zai yi rauni. Gwajin da ya fi duka shi ne a ɗaure agogon inda na kusa da direba zai gan shi, a fita da motar har ta yi halinta. Idan allura ta fara sauka sannan inji ya mutu, mai ne. Idan inji ya mutu allura na tsaye a inda take, a bar tanki ya huta.

Motar kafireta, irin 504 da tsofaffin Datsun da Bitil, ta fi sauƙin karantawa. Famfonta a jikin inji yake, inji ke motsa shi, ƙarfinsa bai kai rabin bar ba, kuma jan mai yake yi daga nesa, ba turowa ba. Nan rauninsa yake. Tiyon roba da ya tsage tsakanin tanki da famfo ba lallai ya ɗiga ba, iska zai riƙa sha. Sannan wasu sassan fetur kan fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba, ga zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da ke wuce haka a inuwa, ga na inji. Man da ke cikin bututu ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya jan tururi. Tsofaffin direbobi da ke jiƙa tsumma su ɗora a kan famfo ba camfi suke yi ba, tururin suke mayarwa ruwa, kuma in motar ta tashi da haka an san ciwon. Maganin dindindin shi ne a nisanta bututun daga salansa, a mayar da abin tare zafin da wani ya cire ya yar. In robar cikin famfon ta yage, fetur kan zurara cikin baƙin mai, sai a ga geji ya ƙaru yana warin fetur. A cikin kafiretar kanta, ƙwayar datti guda a jet ɗin silo ta isa ta sa mota mutuwa a kowace tsayuwa, fulot da ya maƙale kuma ko ya hana mai shiga ko ya sa ya yi ambaliya. Sai dai ko a nan a riƙa tunawa da kwail da kwandansa da kwantak, waɗanda su ma da zafi suke saki, an kuma sha kwance kafireta sau uku a kan laifinsu. Galan ɗin da ake ɗaurawa a saman mota a jawo tiyo zuwa kafireta yana tabbatar da cewa laifin na tsakanin tanki da famfo, amma ba abin shiga hanya da fasinja ba ne.

Mai mutuwa a silo ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai kan haɗu su yi dauɗa a bakin injekta da bawul ɗin da ke ba inji iska idan an ɗage ƙafa, sai a kunna na'urar sanyaya mota ko a juya sitiyari ta mace. Wanki ne maganinta, tare da duba tiyon iska ko ya tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Cire tamostat da haɗa fanka dairek, da aka mayar kamar wajibi ga duk motar da ta shigo ƙasar nan, suna hana inji kai zafin aikinsa, wajen digiri 90, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai tana zaton har yanzu safiya ce, fulogi su yi baƙi, silo ya lalace. Katalis da ya narke ya toshe salansa kuma yana kwaikwayon yunwar mai sak, ƙarfi na raguwa yayin da mota ke ƙara zafi.

Game da na'urar da ake cewa a sa wa mota kwamfuta, tana da amfani, amma an ɗora mata abin da ba ta ce za ta iya ba. Motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 suna da soket iri ɗaya da kowace na'ura ke karantawa, waɗanda suka girme su kuwa kowane kamfani da tsarinsa. Lamba P0335 tana nuni ga layin sensar karanshaf, P0171 na cewa iska ta rinjayi mai, P0230 layin wutar famfo ne. Layi aka ce, ba lallai kayan ba, yana iya zama waya ce ɓera ya ci. Yawancin tsofaffin motoci ba su da sensar da ke auna ƙarfin mai, don haka famfo na iya mutuwa ƙwaƙwalwa ba ta rubuta komai ba, haka ma idan ita kanta wuta ta yanke mata. Kuma duk wanda ya cire kan batir kafin a karanta, a motoci da yawa ya goge shaidar da hannunsa. Mai na'urar da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan lambobi, yakan shiga motar a fita tare yana kallon juyin inji da zafin ruwa da wutar batir suna gudana har lokacin da za ta yanke.

Idan an zo saye, a canja abu ɗaya a lokaci guda, a kuma karɓi tsohon a ajiye a but. Wanda ya canja famfo da kwail da fulogi da sensa rana ɗaya, ko motar ta warke bai san me ya warkar da ita ba, in kuma ba ta warke ba ya ƙara abin zargi huɗu, domin a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo akwai mai kyau akwai jabu a kwali iri ɗaya, araha kuwa ba ta ado. Sau da yawa famfon asali mai shekara 20 da aka cire bisa zato ya fi sabon da aka saka ƙarfi, sensar jabu kuma tana iya zuwa da irin ciwon da ake gudu tun daga kwalinta. In awo ya tabbatar famfon ne, a sayi mai ƙarfin da ya dace da motar, ba duk wanda ya shiga ramin ba, a haɗa da sabuwar raga da filta, a duba soket ɗin saman tanki ko ya ƙone. Tankin kuma a sauke shi a wanke a shanya, in tsatsar ta ci ƙarfe a nemi wani, don dattin da ya kashe tsohon famfo yana nan kwance a ƙasa, kuma ba zai daɗe ba kafin ya toshe sabuwar ragar.